Dutsen Taimamar Kaka

Tun ina ƙarami aka san ni da surutu da son a ce na sani. Da na girma na zama malamin sakandare, ina koyar da labarin ƙasa, sai halin ya samu wurin zama, tunda yanzu surutun ne sana'ata. Na ɓata wa mutane da yawa rai da bakin nan nawa, yawancinsu mun shirya an manta. Guda ɗaya ce ta ƙi gyaruwa, ita ce wadda na yi wa kakata, mahaifiyar Inna, a kan dutsen taimamarta.

Kaka ta dawo gidanmu da zama ne bayan ta zame a bakin rijiya ta karye a ƙugu. An yi ɗori bai kama yadda ake so ba, daga nan ba ta ƙara tsayawa da ƙafafunta ba. Inna ta gyara mata ɗakin da ke kusa da danga, wanda in an ɗaga labule ana hango gonarmu ta bayan gida. A ƙauyenmu na ƙasar Dawakin Tofa gona har gindin danga take zuwa, daga taka sai ta maƙwabcinka, babu wani daji a tsakani, don haka tana daga kwance take sa ido a kan noman kowa, tana faɗin wanda ya yi ragwanci. Ga karaya kuma ga sanyin ƙashi, ruwa in ya taɓa ta sai gaɓoɓinta su kumbura su hana ta sakat. Limamin unguwarmu ya ce ta bar alwala ta riƙa taimama. Shekara shida tana yi, sau biyar a rana, da dutse guda ɗaya.

Dutsen bai fi curin fura babba ba. Fari ne mai ɗan ja-ja, fuskarsa ta sama ta yi sumul saboda yawan shafar tafin hannu. Mijinta ne ya zo da shi, kakana, wanda ban taso na tarar da shi ba. Yana cikin mutanen da suka yi aikin hajji ta ƙasa, wani wuri a mota wani wuri a ƙafa, ta Barno da Chadi har Sudan, suna tsayawa suna ƙwadago suna ƙara gaba. Da suka isa bakin Bahar Maliya suna jiran jirgin da zai tsallaka da su, sai ya tsinci dutsen a cikin duwatsun gaɓa ya sa a jaka, don an gaya masa a cikin jirgi babu ƙasar taimama. Ya je da shi ya dawo da shi. Da ya rasu aka raba 'yan kayansa, Kaka ta ce ita dutsen kawai take so. Mu yara an hana mu taɓa shi, ni kuma da na girma ban ga dalilin taɓawa ba.

Tsakanina da Kaka wasa ne, irin na jika da kaka, kuma mun iya shi. Ni ina ce mata amarya, ita tana ce mini maigida marar cefane. In na kawo mata goro ta ce na zaɓo mai tsutsa don in gaji tabarmarta. In na sa sabuwar riga ta tambaye ni wa ya mutu ya bar mini. Ni kuma in ce tsohuwa ta ƙi tafiya ta ba mutane wuri, ta ce sai ta ga furfurata tukuna. Babu maganar da ba ma faɗa wa juna, kuma ban taɓa tunanin akwai wadda za ta wuce gona da iri ba. Da wannan sakin bakin na shiga ɗakinta ran da abin ya faru.

Hutun damina ne, an gama maimai, gero ya kai ƙugu. Ina zaune a bakin gadonta ina shan furar da Inna ta dama mata ta ƙi sha. Aka kira la'asar, ta jawo dutsen ta buga tafukanta ta shafi fuska da hannuwa, ta ajiye shi ta ta da salla daga zaune. Da ta ajiye sai ya kife, cikinsa ya dawo sama. Ban taɓa ganin wannan gefen ba. Akwai wani zane a jiki, layuka ne a jere, sun taso daga wuri guda sun baje kamar haƙoran matsefi, ga wani ƙarami irinsa a gefe.

Murna ta kama ni. Shekara da shekaru ina zana wa ɗalibai irin wannan a allo, ina gaya musu cewa akwai halittun da suka mutu tun zamanin da ba wanda ya sani, laka ta binne su, lakar ta daskare ta zama dutse, siffarsu ta zauna a ciki. Amma a littafi kawai na taɓa gani. Duwatsun ƙasarmu masu tauri ne irin na niƙa, ko ka fasa dubu ba za ka samu komai a ciki ba. Ga shi abin da nake koyarwa ban taɓa riƙewa ba yana gidanmu, a gefen matashin kakata. Na ɗauka na fita bakin ƙofa inda ke da haske, na goge da bakin riga, ina ƙirga layukan.

Tana sallamewa na dawo na ce, "Amarya, kin san abin da ke jikin dutsen nan?"

"Albarka," in ji ta. "Ajiye mini kayana kada ka shafa musu boko."

"Dabbar ruwa ce. Irin ƙumbar kogin nan da kuke kankare tukunya da ita, amma ta teku. Ta mutu, laka ta rufe ta, ta koma dutse."

Ta kama haɓa ta ce, "Kai dai ka iya shara ta. Dabba a cikin dutse? Ta wace ƙofa ta shiga?"

Da na yi dariya na ajiye, da shi ke nan. Amma malantar ta motsa, an ƙaryata ni a kan abin da na sani. Na gyara zama na yi mata darasi guda, na nuna mata layukan, na kamo yatsanta na bi da shi a kansu. Na leƙa na ce Inna ta ba ni lemon tsami da wuƙa. Na ɗan kankare gefen dutsen har ya yi gari, na matsa lemon a kai, na kai mata dab da ido. 'Yan ƙananan kumfa suka taso. Na ce mata dutsen niƙa ba ya yin haka, sai wanda ya samu daga ɓawon halittun ruwa. Na ga ta ƙura wa kumfar ido, sai daɗi ya kama ni na ga na ci nasara, na ce bari in rufe da tsokana.

"Ashe shekara shida amaryata da mushe take taimama!"

Ta ɗago ta ce, "Mushe?"

"Mushe mana. Wa ya yanka ta?"

Na yi ta ƙyalƙyala dariya ni kaɗai. Inna daga tsakar gida ta ce, "Kai, bar irin wannan wasan." Kaka ba ta rama ba, kuma ya kamata a ce wannan kaɗai ya isa ya farkar da ni, don ba ta taɓa barin magana ta kwana a kanta ba. Ta miƙo hannu na ba ta dutsen, ta juya shi ta sake juyawa, ta naɗe shi a gefen mayafinta. Washegari na koma birni, inda nake zaune nake koyarwa, cike da farin ciki. Abin da ya dame ni a hanya shi ne na manta ban roƙe ta aron dutsen na nuna wa ɗalibai ba.

Sai bayan wata biyu na sake zuwa, ana girbin gero. Na tarar da Inna a madafa, na durƙusa na gaishe ta, ta amsa a taƙaice ba ta dube ni ba. Sannan ta ce, "Ka kyauta. Ka zo ka ga aikinka."

Ta gaya mini tun magaribar ranar Kaka ta sa aka ɗebo mata ƙasa daga gona a faranti, da ita take taimama yanzu. Wannan ba komai ba ne. Abin da ya fi shi ne ta ce sallarta ta shekara shida ba ta yi ba, tunda da mushe ta yi tsarki, don haka ramawa za ta yi. Ba ta iya lissafin yawansu ba, ta ce za ta yi ta yi har iyakar ƙarfinta. Daga hantsi zuwa azahar salla, daga la'asar zuwa faɗuwar rana salla. Matan unguwa da suka saba kawo wakensu su ɓare a ɗakinta ana hira sun gaji da zaman jira sun daina zuwa. Abinci sai an yi da gaske. Bayanta ya fara ciwo saboda zama. Wani lokaci tana tsakiyar salla sai raka'a ta ɓace mata, ta sake daga farko, ta sake ɓacewa, sai ta zauna tana hawaye.

Na ce, "Inna, ba ki gaya mata wasa nake yi ba?"

"Na gaya mata har bakina ya gaji. Ta ce ta ga kumfa da idonta."

Na shiga ɗakin da ƙarfin hali na ce, "Amarya, maigida ya dawo." Tana salla. Na zauna na jira, ta sallame ta buga faranti ta sake ta da wata, na ƙara jira. Ta rame, wuyanta ya yi tsawo. Labulen da take leƙen gonaki ta cikinsa a sake yake. Da ta samu sarari ta juyo ta ce, "Malam, an zo lafiya? Ya ɗalibai?" Tunda aka haife ni ba ta taɓa ce mini Malam ba. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, na rasa inda zan sa idona.

Da yamma na je wurin Liman. Na same shi a ƙofar gidansa yana ɗaure damin gero, na tsuguna na zayyana masa komai, ban rage laifina ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Kai da bakinka ka gaya mata?" Ya wanke hannu ya biyo ni. Ya karɓi dutsen ya ƙwanƙwasa shi da zobe, ya ce wa Kaka wannan dutse ne, duk wanda ya gan shi dutse zai kira shi, kuma taimama da dutse ta inganta. Ya ce ko da a ce dabbar ce kwance a gabansu, abin da ya mutu a teku ba najasa ba ne. Ya ce babu ramuwar ko salla ɗaya a kanta, in akwai laifi ya ɗauka a wuyansa. Ya yi mata magana a hankali, ya maimaita sau biyu.

Ta ce, "To, Malam. Allah ya ƙara sani, Allah ya saka da alheri."

Na raka shi na dawo ina jin an sauke mini kaya. Ina shiga na tarar ta jawo farantin ƙasa. Ta ce, "Liman mutumin kirki ne, tausayina yake ji. Amma shi bai je teku ba, bai kuma karanta duwatsu ba. Kai ka karanta."

Sai na gane inda na jefa kaina. Ni na ɗaura, kuma a wurinta ni kaɗai zan iya kwancewa. Na roƙe ta ta ba ni dutsen in kai wa wanda ya fi ni sani, ta ba ni ba musu, wanda da can ko taɓawa ba ta bari a yi. Akwai wani abokina da muka yi makarantar kimiyya tare, ya zama malamin ilimin duwatsu a jami'a a birni. Ina cikin mota ina addu'a Allah ya sa ya ce na yi kuskure. Ban taɓa roƙon in zama jahili ba sai ranar.

Ya sa madubin ƙara girma ya duƙufa a kan dutsen. Ya ce mutane suna yawan kawo masa abubuwa suna cewa sun tsinci halittar zamanin da, alhali ba ita ba ce. Wani baƙin zane ne mai rassa kamar ganye, nan kuwa ma'adini ne ya bi tsagar dutse. Wani dunƙule ne mulmulalle a ce ƙwai ne. Na fara jin sanyi a raina. Sai ya ce amma wannan ba ya cikinsu. Ya nuna mini yadda layukan suka taso daga tushe ɗaya, tazararsu daidai, ga wasu sirara sun gitta su, alamar yadda ƙumbar ta riƙa girma. Ruwa da iska ba sa yin aiki mai tsari haka, ballantana har guda biyu iri ɗaya.

"Fosil ne, wato siffar halittar da ta zauna a dutse, ba tantama," in ji shi. "Sai dai ƙumbar kanta ta narke tuntuni. Wannan gurbinta ne kawai, kamar akuya ta taka laka ta wuce, lakar ta bushe da sawun."

Saura kaɗan in rungume shi. Amma shi ma malami ne, bai san inda ake tsayawa ba. Ya ɗiga wani ruwan asid a gefe, wurin ya tafasa, ya ce shi dutsen kansa ai yawancinsa garin ɓawon halittun teku ne ya taru ya daskare, shekaru masu yawan gaske. Na ce to yanzu dabba ne ko dutse? Ya yi dariya ya ce dutse ne mana, da irinsa ake yin siminti. Na yi masa godiya na fito, na yanke a raina cewa rabin farko kawai zan kai gida.

Na isa da hantsi. Na sa Inna ta shigo ta zauna don ta zama shaida. Na ajiye dutsen a gaban Kaka na ce na yi kuskure, babban malami ya duba ya ce babu dabba a ciki, sawunta ne kawai. Na kawo mata misalin akuya da laka. Na ce wa ya taɓa hana taimama da ƙasar da akuya ta taka? Ta saurare ni har na gama, ba ta katse ni ba.

Sannan ta ce, "Ran nan ka ce mushe, kana dariya, ba wanda ya sa ka. Yau ka ce sawu, bayan uwarka ta yi maka faɗa. Wanne zan ɗauka?"

"Na yau, Kaka. Wanda ya fi ni sani ne ya faɗa."

"To ka ce wallahi babu komai na dabba a jikinsa."

Na yi shiru. Shirun bai fi na haɗiyar yawu ba, amma ta ji shi. Tafasar asid ɗin nan ce ta tsaya mini a rai. Inna ta zuba mini ido. Na buɗe baki na ce, "Wato, Kaka, yadda abin yake shi ne, asalin dutsen..."

Ta ɗaga hannu ta ce, "Ya isa. Allah ya yi maka albarka, ba ka iya ƙarya ba."

Na sha juya wannan lokacin a raina. Ba na cewa da na yi rantsuwar ƙarya, na san girman zunubinta. Abin da ke ci na shi ne akwai rantsuwar gaskiya a kusa da ni ban ɗauka ba. Da na ce wallahi dutse ne, wallahi sallarki ta yi, da ban yi ƙarya ba ko kaɗan, kuma a yadda take kallon bakina a lokacin ina jin da ta karɓa. Tsohuwa tana neman abin da za ta riƙe, ni kuma na tsaya neman yadda zan tsara bayani kada in faɗi abin da ba daidai ba a kimiyyance. Ko a wannan lokacin ma kaina nake karewa.

Ta ƙara shekara ɗaya da 'yan watanni a duniya, kuma ba ta fasa ba. Liman ya sake zuwa sau biyu. Kawuna ya zo daga Shanono ya yi faɗa ya yi lallashi ya koma. Ni na koma zuwa gida duk ƙarshen mako, abin da ban yi ba lokacin da take da bakin wasa. Tun ina gardama da ita har na daina, don gardamar tana cinye mata lokaci, sai ta ƙara da wata sallar ta cike gurbin. Da na ga yadda ɓacewar raka'a ke sa ta kuka, sai na koma zama a gefenta ina riƙe mata. In na ga ta yi jim, in ce a hankali, "Ta uku," ta ci gaba. Haka na zauna ina taya ta biyan abin da na san ba a bin ta. Inna takan wuce ta bakin ƙofa ta gan mu, ta ci gaba da aikinta. Ni da Inna ba mu ƙara tayar da maganar ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Kwana huɗu kafin rasuwarta na shiga wurinta da safe. A lokacin zama ya gagare ta, daga kwance take salla, sai an kama hannunta an ɗora a kan farantin ƙasa. Ta sallame ta lalubo hannuna ta riƙe. Muryarta ta yi ƙasa sosai, sai da na sunkuya.

"Malam, ina so in yi maka godiya tun ina da baki. Mutum nawa suka ga dutsen nan a gidan nan? Ba wanda ya gaya mini sai kai. Da haka zan tafi gaban Ubangijina da sallar shekara shida babu tsarki, ban sani ba. Ban dai gama ba, amma ya ga na kama hanya."

Na ce, "Kaka, wallahi sallarki ta yi tun farko. Wallahi tallahi ta yi. Ni ne na cuce ki, ki yafe mini."

Ta ɗan bubbuga bayan hannuna ta ce, "Kai ma ka koyi tausayi irin na Liman. Wace cuta? Karatunka ya yi rana. Allah ya ba ka 'ya'yan da za su yi maka abin da ka yi mini."

Ta jira in amsa addu'ar, sai ta ɗan matsa yatsuna.

"Ka ce amin mana."

Inna tana tsaye a bakin ƙofa da kwanon kunu a hannu, tana jinmu. Na ce amin.